Bidiyon Mighty Jets da Hirar Kawu: Me Za a Yanke, Me Za a Bari?

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina zaune a Unguwar Rogo a Jos, kuma sana'ata ɗaukar hoton biki. Na shafe wata bakwai ina haɗa bidiyo a kan tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Mighty Jets ta nan Jos, saboda kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya bi ƙungiyar tun yana saurayi kuma ya rene ni da labarinta. Na yi hira da shi da abokansa biyu, ya ba ni tsofaffin hotunansa, na haɗa bidiyo na minti 52 na ɗora a YouTube. Na fara da gaisuwa da godiya, sai kawu ya gabatar da kansa, daga nan na bi tarihin shekara bayan shekara. Yau mako shida ke nan, waɗanda suka kalla ba su kai ɗari uku ba, kuma yawancinsu ba sa wuce minti biyu. Abokina da muke aiki tare ya ce in mayar da shi minti goma, in cire yawancin hirar kawu, in sa waƙoƙin da ake yayi da ɗan barkwanci, in ba shi suna mai tayar da hankali, sannan mu biya wani da ya ce zai kawo mana masu kallo dubu ashirin. Ni kuwa ina jin nauyin kawu, domin ya riga ya shaida wa 'yan majalisarsu cewa ɗansa ya yi masa fim. Har mun fara samun saɓani da abokin nawa. Ina neman shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanina. Na karanta wasiƙarka da farin ciki, domin ba kullum ake samun matashin da zai ajiye labarin Chelsea da Barcelona ya zauna gaban dattijo yana tambayarsa yadda aka yi ƙwallo a garinsu shekara hamsin da suka wuce ba. Abin da ya dame ka shi ne kana ganin haƙƙi biyu sun yi karo, na kawunka da na mai kallo, har kana zaton dole ka tauye ɗaya kafin ka cika ɗayan. A ganina ba su yi karo ba. Kawunka ya ba ka labarinsa ne domin mutane su ji, kuma a yanzu, da bidiyon yake cike da maganarsa daga farko har ƙarshe, kusan babu wanda yake kaiwa wurin da ya faɗi abin da ya fi daɗi. Saboda haka barin bidiyon yadda yake ba girmama shi ba ne, ko da yake niyyarka ke nan. Abokinka ya yi gaskiya a kan batun ragewa, amma ya kauce a kan sauran shawarwarinsa, kuma zan bi su da kai.

Bari in fara da tsarin labarin, domin nan ne ciwon yake. Ka ce ka bi tarihin shekara bayan shekara. Wannan tsari ne na littafin makaranta, kuma mai riƙe da waya, wanda yake lissafin datarsa, ba zai jira ka iso wurin daɗin ba. Tarihin Mighty Jets kuwa yana da shekara guda da ta isa fim ita kaɗai, wato 1972. Ƙungiyar da Alhaji Isyaku Ibrahim ya kafa a 1970, ba ta wuce shekara biyu da kafuwa ba, ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko da aka taɓa yi a Najeriya. A wannan shekarar kuma ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale (Challenge Cup), gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙasa, ta yi kunnen doki biyu da biyu da Bendel Insurance a Legas bayan ta farke ƙwallaye biyu, aka sake wasan a Ibadan, Bendel ta ci uku da biyu. A 1974 ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Enugu ta doke ta. Mutanen Jos sun daɗe suna zuwa wasan ƙarshe na wannan kofi suna komowa hannu rabbana, har aka riƙa cewa akwai wani abu tsakanin garin da kofin, kuma ba a kawo shi Jos ba sai a 1999, lokacin da Plateau United ta ci Iwuanyanwu Nationale ɗaya da nema. Ka dubi wannan da kyau: ga nasara, ga baƙin ciki, ga jira na shekaru, ga kuma ranar da aka share hawaye, ko da yake wata ƙungiyar ce ta share su. Ba ka bukatar ƙirƙirar komai domin ka riƙe mai kallo.

Don haka shawarata ita ce ka buɗe bidiyon da kawunka a tsakiyar labari, ba da gaisuwa ba. Ka koma cikin hirar da ka ɗauka ka nemo wurin da muryarsa ta canza, inda ya daina ba da bayani ya shiga tunawa, wataƙila yana faɗin inda yake zaune da wanda yake kusa da shi a ranar da aka farke ƙwallayen nan. Wannan daƙiƙa ashirin ko talatin ita ce ƙofar fim ɗinka. Bayan ta sai sunan bidiyon ya fito, sannan ka koma baya ka faɗi yadda aka kafa ƙungiyar a taƙaice. Gaisuwa da godiya suna da muhimmanci a al'adarmu, kuma ban ce ka zubar da su ba, amma wurinsu ƙarshen bidiyo, tare da sunayen duk waɗanda suka taimaka. Gabatarwar da kawu ya yi wa kansa kuwa, rubutu guda a ƙasan allo mai ɗauke da sunansa da unguwarsa ya wadatar, kuma ya fi kama da yadda ake yi wa manyan baƙi a talabijin.

Game da tsawo, ba na so ka ɗauki minti goma a matsayin doka. Akwai bidiyoyin tarihin ƙwallo masu tsawon awa guda da mutane suke kallo har ƙarshe, saboda kowane minti yana jan na gaba. Abin da za ka yi shi ne ka buɗe YouTube Studio, wato shafin da mai tasha yake kula da bidiyoyinsa, ka duba zanen da yake nuna inda masu kallo suke tsayawa da inda suke fita. Mutum ɗari ukun da kake rainawa sun riga sun yi maka aiki, domin zanen zai nuna maka daidai wurin da suka gaji, da wurin da wasu suka koma baya suka sake kallo. Sannan ka rubuta hirarrakin uku a takarda, kalma bayan kalma. Aiki ne mai cin rai, amma a takarda ne za ka ga cewa kawu ya ba da labari ɗaya sau uku, kuma na biyun ya fi armashi, ko kuma abokinsa ya faɗi abu guda cikin jimla biyu wanda shi ya ɗauki minti huɗu yana faɗa. Ka ja layi a ƙarƙashin abin da ba za a iya ba da labarin 1972 ba tare da shi ba. Ina kyautata zaton abin da zai rage zai faɗa tsakanin minti goma sha biyu da goma sha takwas, kuma mafi yawansa muryar kawunka ce.

Sauran kuma ba asara ba ne, domin abin da ka tara ya fi ƙarfin bidiyo ɗaya. Sam Garba Okoye shi kaɗai kashi guda ne: tauraron Jets ne, ɗan wasan da ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, wanda dattawan Jos har yau suke ambatonsa da wata irin murya, kuma ya rasu a hatsarin mota a 1978. 'Yan gidan Atuegbu, 'yan'uwan da suka taka leda a ƙungiyar, kashi ne na daban, musamman Aloysius wanda ya koma Rangers kuma yana cikin tawagar da ta ci Kofin Afirka a 1980. Ga Baba Otu Mohammed, shi ma tsohon ɗan wasan ƙungiyar, ga kuma Isma'ila Mabo, ɗan wasan baya na Jets wanda daga baya ya horar da ƙungiyar mata ta ƙasa har ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Kofin Duniya na 1999 a Amurka. Mabo ya rasu a 2023, Allah Ya jiƙansa, kuma rasuwarsa ta isa ta tuna maka cewa waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu suna ƙarewa. Idan ka raba aikinka kashi huɗu ko biyar, kana sakin ɗaya duk bayan mako biyu, wanda ya ji daɗin na farko yana da dalilin dawowa, kuma tashar YouTube ba ta girma sai da masu dawowa.

Yanzu batun barkwanci da waƙoƙin yayi. Na fahimci abin da abokinka yake nufi, wato bidiyon ya yi nauyi kuma yana bukatar abin da zai sa mutum murmushi. Amma nishaɗin da ya dace da wannan aiki yana cikin bakin dattawan nan uku, ba a cikin sautin dariya da ake liƙawa ba. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar tsofaffin masoya ƙwallo ya san ba sa minti biyar ba su yi gardama ba, wannan ya ce da ƙafar hagu aka ci, wancan ya rantse da ka aka ci. Idan ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ka jera amsoshinsu a kan tambaya guda, wannan na bin wancan, za ka ga gardamar ta tashi da kanta. In kuwa da hali, ka sake tara su wuri ɗaya, ka kawo shayi, ka ajiye tsohon hoto a tsakiyarsu ka ce su faɗa maka sunayen waɗanda suke ciki. Ka tambaye su nawa ne kuɗin shiga fili, wace mota suke bi zuwa wasan waje, me ake rerawa idan an ci, wa yake da rediyo a unguwa. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke sa matashi dariya da mamaki, su kuma sa dattijo ya tura wa abokinsa.

Waƙoƙin yayi kuwa suna da wata matsalar ta daban. YouTube yana da tsarin da ake kira Content ID, wanda yake gane waƙa ko hoton da wani ya yi wa rajista, kuma idan ya gane, mai waƙar yana iya karɓe kuɗin tallar bidiyon ko ya toshe shi. Idan kuma mai haƙƙi ya shigar da ƙorafi aka sauke bidiyon, za a yi wa tasharka gargaɗi, gargaɗi uku kuma suna iya jawo rufe ta ɗungurum. Akwai ɗakin sautuka na kyauta a cikin YouTube Studio, amma abin da ya fi shi ne ka nemi mai kalangu ko mai gurmi a nan Jos, ku yi yarjejeniya a rubuce, ya buga maka kiɗa na minti kaɗan wanda zai zama naka. Haka nan hotunan wasa na gidajen talabijin da na jaridu, kada ka ɗauka ba izini. Ka rubuta takarda ka je da kanka gidan jaridar Nigeria Standard, wadda aka kafa a Jos a 1972, shekarar da Jets ta ci lig, ka nemi a ba ka damar duba tsofaffin fitowarta. Ka leƙa NTA Jos da PRTV, gidan rediyo da talabijin na jihar Filato, ka kuma tuna cewa hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa duk a garinku suke. Wannan zirga-zirga za ta yi maka amfani na biyu, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana haɗa wasanni biyu ta mayar da su ɗaya, kuma duk shekara ko sakamakon da kawu ya faɗa ya kamata ka gwada shi da abin da aka buga a lokacin. Inda suka saɓa, ka bar maganarsa a matsayin abin da ya tuna, ka rubuta abin da jarida ta ce a ƙasan allo cikin ladabi.

Akwai abu guda na fasaha da nake so ka ba shi lokaci fiye da komai, shi ne sauti. Mutane suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi, musamman a bidiyon tarihi, amma ba sa haƙuri da muryar da ƙarar janareta ko ta Keke Napep ta danne. Ka saurari bidiyon ta lasifikar ƙaramar waya, ba ta abin kunne mai tsada ba, domin da ita yawancin mutanenka za su ji shi. Idan akwai wurin da maganar kawu ba ta fita, gara ka sake ɗauka da ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga. Tsofaffin hotunan kuma kada ka bar su tsaye cik a allo, ka riƙa matsowa a hankali zuwa fuskar wanda ake magana a kansa. Manhajojin haɗa bidiyo irin su CapCut ko DaVinci Resolve duk suna yin wannan ba tare da ka biya ko kwabo ba.

Maganar biyan wani ya kawo masu kallo dubu ashirin, ka ajiye ta gaba ɗaya. Waɗannan ba mutane ba ne masu son Jets, yawanci na'urori ne ko waɗanda ake biya su taɓa su wuce. Dokokin YouTube sun hana, kamfanin yana goge irin wannan kallo, yana kuma iya hukunta tashar. Ko da ba a kama ka ba, ka cuci kanka, domin YouTube yana lura da tsawon lokacin da mutane suke zama a kan bidiyo kafin ya nuna shi ga wasu, kuma dubban da suka shiga suka fita nan take shaida ce a wurinsa cewa bidiyon ba ya riƙe kowa. Sharaɗin fara samun kuɗin talla shi ne mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, kuma ana duba tasha kafin a amince da ita. Kuɗin da za ku ba wannan mutum ya fi amfani a makirufo da kuɗin mota zuwa gidajen tsofaffin 'yan wasa. Suna mai tayar da hankali shi ma haka yake: idan ka yi alƙawarin tonon asiri mutum ya shiga bai gani ba, ya fita kuma ba zai sake yarda da kai ba. Gaskiyar labarin ta isa suna, misali ka ce ƙungiyar Jos da ta fara cin lig a Najeriya, ko kuma ranar da Jets ta farke biyu a Legas. Hoton bangon, wato wanda ake gani kafin a buɗe bidiyon, ya zama fuska ɗaya da ake gani sarai a ƙaramin allo, da kalmomi uku ko huɗu.

Wajen yaɗawa, ka fara da inda masoyan suke, kada ka jira intanet ta kawo maka baƙi. Ka yanko gutsattsari na daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya, a tsaye yadda ya dace da waya, ka sa a WhatsApp da Facebook da TikTok, kowanne da adireshin cikakken bidiyon. Ka je gidajen kallon ƙwallo na Bauchi Road da Gangare da Dilimi da Nasarawa, ka roƙi masu su su nuna gutsure ɗaya a lokacin hutun rabin lokaci, domin a nan ne ɗaruruwan matasa suke zaune suna jiran a dawo wasa. Ka kai wa masu gabatar da shirin wasanni a gidajen rediyon Jos, waɗanda kullum suke neman abin tattaunawa, ka ba su shawarar su gayyaci kawu. Ka kai wa shugabannin ƙungiyar ta yanzu da ƙungiyar magoya bayanta. Kuma ina roƙonka ka sa fassarar Turanci a ƙasan allo. Sunayen da na ambata a sama sun nuna maka cewa Jets ta haɗa 'yan ƙabilu da addinai daban-daban a riga ɗaya, kuma a garin da ya sha wahalar rabuwar unguwanni, akwai mutane a Tudun Wada da Bukuru da Rayfield, da wasu a Legas da Ingila, waɗanda iyayensu suka yi ihu a fili ɗaya da kawunka. Kada harshe ya hana su ganin wannan. Jos ɗin da ta haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, ta kuma ga Plateau United ta ci lig a 2017, tana da matasa da yawa da ba su san cewa an riga an yi haka shekara 45 kafin nan ba.

Abokinka kuwa, kada ka bari wannan ya raba ku. Ya ga abin da kai ƙauna ta hana ka gani, wato bidiyon ya yi tsawo, kuma ya faɗa maka a gabanka. Ka gaya masa ka karɓi wannan, ka bayyana masa dalilin ƙin sauran, sannan ka damƙa masa aikin gutsattsarin da za a yaɗa, tunda yana da idon abin da yake jan matasa. Ku kuma rubuta tun yanzu wa yake da tashar, kuma yaya za a raba idan kuɗi ya fara shigowa, domin irin wannan magana ta fi sauƙi kafin a ga kuɗin.

Saura kawu, wanda shi ne asalin damuwarka. Kada ka bari ya ga bidiyon da aka rage a wayar wani. Ka je gidansa da kanka bayan la'asar, ka gaishe shi, ka ce masa: "Kawu, labarin da ka ba ni ya fi ƙarfin zama ɗaya, don haka na raba shi kashi-kashi yadda yara za su iya bi, kuma ina so kai ne za ka fara gani." Ka nuna masa kashi na farko, ka saurari gyaransa, musamman a kan sunaye da abin da ba ya so a fitar, domin yana da haƙƙin ya ce a cire wata magana da ta shafi wani. Cikakken bidiyon na minti 52 kuma kada ka goge shi. Ka bar shi a tashar da suna na daban a matsayin cikakkiyar hira, ka kuma sa shi a filashi guda biyu, ɗaya nasa ɗaya na mahaifiyarka, tare da hotunansa da ka wanke ka mayar masa a cikin ambulan. Daga nan ka nemi alfarmar ya gayyato 'yan majalisarsu ranar da za a saki kashi na farko, ka ari talabijin ka kunna musu a ƙofar gida, ka kuma ajiye kyamararka a gefe tana ɗauka, domin abin da za su faɗa suna kallo shi ne farkon kashi na biyu.